Ƙorafin da ake kaiwa kan yara a Gure: me alƙaluma ke faɗa, me suke ɓoyewa?



Sau biyu a shekara, ranar 16 ga Yuni da ake bikin yaron Afirka, da ranar 20 ga Nuwamba ta yarjejeniyar haƙƙin yara ta duniya, hukumomi kan tara jama'a su karanta alƙaluma: an samu rahoto kaza na yaran da aka ci zarafinsu, kaza na auren wuri, kaza na yaran da suka ɓace. In adadin ya ɗara na bara, sai ka ji dattawa a majalisa suna cewa duniya ta lalace. In ya ragu, sai a ce alhamdu lillahi, an samu sauƙi. To, duka maganganun biyu suna iya zama kuskure. Adadin ƙorafin da aka kai wa hukuma yana nuna yawan mutanen da suka buɗa baki, suka kuma tarar da mai rubutawa. Yawan yaran da ke cikin wahala wani lissafi ne daban, kuma ya fi wancan girma nesa ba kusa ba. In ba mu rarrabe su ba, za mu yaba wa garin da ya yi shiru, mu zargi garin da ya yi abin kirki.

Wace ƙofa ake bi, wa ke rubutawa?

Abin da ma'aikata ke kira rahoto shi ne mutum ya ga wani abu game da yaro da ya tayar masa da hankali, ya je ya faɗa wa wanda ke da alhaki. Yaro ne da ake duka har jikinsa ya yi tabo, yarinya ce da aka fidda daga lakwal za a yi mata aure, ƴar talla ce da wani babba ya lalata, ko ɗan ƙaramin da ake tura wa rijiya mai zurfi shi kaɗai da raƙumi. Ƙofofin da ake bi suna da yawa: mai gari ko bulama ko arɗo, sarkin kanto, darektan lakwal, likita ko ungozoma a CSI, jandarma ko ƴan sanda, ofishin kare yara na departema, sai alƙali.

A takarda, ƙasarmu ba ta rasa dokoki ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990. A 1999 aka kafa kotunan yara, aka sabunta dokarsu a 2014. Dokar ƙwadago ta 2012 ta hana a ɗauki yaro aiki bai kai shekara 14 ba. A watan Disamba na 2017 aka fitar da dokar kare yarinyar da ke makaranta don ta ci gaba da karatunta. A 2019 kuma aka kafa kwamitocin kare yara tun daga matakin ƙasa har zuwa jiha, departema, komin da ƙauye.

Matsalar lissafi tana farawa ne daga yawan ƙofofin nan. Kowace ƙofa da irin kundinta, wata ma ba ta da kundi sam. A ce yarinya guda an kai ta CSI, likita ya rubuta. Aka wuce wajen jandarma, suka rubuta. Wata ƙungiya mai tallafi ta ba ta taimako, ita ma ta rubuta. Ran da aka haɗa alƙaluma, yarinya ɗaya ta zama uku. A ƙauyen da ke gaba kuwa, yara uku ne aka yi maganarsu a zauren mai gari, aka sasanta da baki, aka yi fatiha aka watse. A lissafin hukuma waɗannan ukun babu su.

Ma'aunin ruwan sama

Kowa a nan ya san yadda ake yi da damina. Da safe a buɗe rediyo a ji: gari kaza milimita 30, gari kaza milimita 12. Garin da ba a ambata ba, ba wanda ke cewa ba a yi ruwa a can ba. Kowa ya san ma'auni ne babu, ko mai karanta shi bai samu rezo ba. Haka ya kamata mu riƙa sauraren alƙaluman kare yara.

Mu dubi ƙasarmu. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu 300 a departeman Gure, bayan an cire Tasker da ta zama departema mai zaman kanta a 2011. A Nijar kuwa fiye da rabin jama'a ba su kai shekara 18 ba. Ke nan yaran da muke magana a kansu sun haura dubu 150 tun a wancan lokaci, warwatse a komin shida: Gure, Gidigir, Bune, Kelle, Gamu da Alakos. Wanda ke Gure ko Gidigir yana bakin kwalta, hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Difa. Wanda ke bayan duwatsun Kutus, ko a wani kwari cikin tuddan rairayi a kudu, ko a ruga wadda ke tashi da kaka, kafin ya iso ofis sai ya biya kuɗin babur, ya bar gonarsa ko dabbobinsa yini guda, wani lokaci ya kwana. Ga kuma harshe: mai ƙorafin Barbarci ko Fulatanci ko Tubanci ya fi iyawa, takardar kuwa da Faransanci ake cika ta.

Saboda haka in aka ce garin Gure ya fi Alakos yawan rahoto, abu na farko da za mu tambaya shi ne nisan ofis daga mutane. Na biyu kuma yawan jama'a: rahoto ashirin a komin mai mutum dubu ɗari ba ɗaya ba ne da rahoto ashirin a komin mai mutum dubu ashirin. Ana raba adadin da yawan yara kafin a kwatanta.

Mun ga irin wannan a harkar tamowa. Bayan yunwar 2005 aka buɗe cibiyoyin kula da yara masu tamowa a ko'ina, daga baya aka koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da ɗan ma'aunin nan mai ja da rawaya da kore. Duk inda aka tsananta awo, adadin yaran da ake kaiwa likita sai ya hau. Yaran nan da ma suna cikin gidaje, awon ne ya fito da su aka ba su magani.

Abin da bincike gida-gida ya nuna

Akwai hanya ta biyu ta sanin gaskiya, wadda ba ta jiran mai ƙorafi: a bi gida-gida a tambayi mutane a asirce. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya gano cewa a cikin mata ƴan shekara 20 zuwa 24, kashi 76 cikin ɗari an yi masu aure kafin su kai 18, kashi 28 kuma kafin su kai 15. Wato uku cikin huɗu. In da kowane irin wannan aure ana kai rahotonsa, da kundin kowane ofis ya cika cikin wata guda. Amma waɗanda ke isa gaban hukuma su ne ƴan kaɗan da yarinyar ta gudu, ko mushenta ya tsaya kai da fata, ko uwa ta ƙi yarda.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun yi irin wannan bincike a 2014 kan cin zarafin yara. Sakamakon ya nuna yara shida cikin goma sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18, na duka ko na lalata ko na muzantawa, kuma waɗanda suka samu taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Iyakar da ke tsakaninmu da Yobe da Jigawa ba ta raba al'ada ba. Kunyar da ke rufe bakin uwa a can ita ce ke rufe shi a nan.

Hatta ƙasashen da ke da kuɗi da ma'aikata ba su ɗaukar rahoto a matsayin hukunci. A Amurka, a 2019, an kai rahoto kusan miliyan 4.4 game da yara. Kusan rabi an ajiye su tun daga bakin ƙofa don ba su cika sharaɗin bincike ba, kuma yaran da aka tabbatar an cutar da su kimanin dubu 656 ne. Wani abin lura kuma: kusan rahoto ɗaya cikin biyar daga ma'aikatan makaranta ya fito. Shi ya sa da korona ta zo a 2020 aka rufe makarantu, rahotanni suka faɗi ƙasa warwas a can. Ba wanda ya yi murna, don an san yaran suna kulle a gida, malaman da ke ganin tabo a jikinsu ne ba sa ganinsu. Mu ma an rufe mana makarantu daga Maris zuwa farkon Yuni na shekarar. Kuma kowace shekara muna da namu rufewar: babban hutu yana faɗowa daidai lokacin noma da kiwo, bayan kaka kuma bukukuwan aure su kankama. Yarinyar da ba ta dawo aji ba a watan Oktoba, in darekta bai tambayi dalili ba, ba za ta shiga kowane lissafi ba.

Me ke hana mutane magana?

Kowa ya sani, sai dai ba a son faɗa. Galibi mai cutar da yaron ba baƙo ba ne: kawu ne, maƙwabci ne, mijin uwa ne, mai riƙo ne, wani lokaci mai faɗa a ji ne a gari. Wanda ya kai ƙara sai a ce ya tona asirin dangi, ya kai ɗan uwansa bariki. Uwa tana tsoron in maganar ta fita ƴarta ba za ta samu miji ba. Wani kuma ya taɓa kaiwa, bai ga abin da aka yi ba, sai ya ce me zai sa in sake ɓata da mutane a banza?

Sulhun da ake yi a zauren mai gari yana da amfaninsa, kada a raina shi. Rikicin riƙon yaro bayan saki, ko yaron da aka hana zuwa makaranta saboda kiwo, sau da yawa dattawa sun fi kotu saurin gyara shi, kuma gyaran ya fi daɗewa. Abin da ake buƙata shi ne a rubuta cewa an yi, ko da layi ɗaya ne a kundin kwamiti, don a san ya faru kuma a koma a duba yaron. Amma fyaɗe da raunata yaro laifuka ne da dokar ƙasa ta tanadi hukunci a kansu. Waɗannan in aka rufe su da goro da ban haƙuri, an bar mai laifin da sauran yaran gari.

A gefe guda, ba kowane ƙorafi ne gaskiya ba. Akwai wanda gaba ce ta kawo shi, ko kishi, ko rikicin gona. Shi ya sa ake bincike, shi ya sa kuma adadin rahoto da adadin abin da aka tabbatar dole a faɗe su dabam-dabam.

Sai maganar shekaru. Dokar farar hula ta sa shekara 15 ga yarinya, 18 ga namiji kafin aure, ko da yake mafi yawan aurenmu bisa al'ada da addini ake ɗaura shi. To yaya za a tabbatar da shekarun yarinyar da ba ta da takardar haihuwa? Binciken 2012 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin uku ba a yi rajistar haihuwarsa ba, kuma a karkara abin ya fi yawa. Uba ya ce ta kai 17, mushe ya ce 13 take, mai rubutawa ya rasa gurbin da zai sa ta. Takardar haihuwa ita ce tushen duk wannan lissafi.

Yaran da suka bar gida

Akwai kuma yaran da kundin kowane gari ba ya kamawa don ba sa zaune wuri guda. Jihar Damagaram ba za ta manta da Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, akasarinsu daga yankin Kance. A watan Maris na 2022 kuma jirage suka kwaso ɗaruruwan ƴan Nijar da ke bara a titunan Dakar, mafi yawa mata da yara daga jiharmu. Yaran nan sun bar ƙauyukansu da rana tsaka, a gaban kowa, amma sai da suka mutu ko aka maido su sannan aka ƙirga su.

Haka almajirin da aka kai gabas ko aka tsallaka da shi Najeriya, da yarinyar da aka kai aikatau birni, da yaran da rikicin Boko Haram ya koro daga jihar Difa tun 2015. In wani abu ya same su a inda suke, wa zai kai rahoto, kuma a kundin wane gari za a rubuta? Kwamitin ƙauye zai iya yin abu mai sauƙi: ya san yara nawa suka tafi bana, wa ya tafi da su, ina aka nufa, nawa suka dawo.

Tambayoyin da za mu riƙa yi

Duk ran da wani jami'i ko wata ƙungiya ta karanta mana adadi, ga abin da ya kamata mu tambaya, cikin ladabi.

Na ɗaya: rahoto nawa ne, yara kuma nawa? An tabbatar ba a ƙirga yaro ɗaya sau biyu ba?

Na biyu: daga ina suka fito? Komin nawa, ƙauyuka nawa, kuma waɗanne ne ba a ji ɗuriyarsu ba ko sau ɗaya a shekara? Wuraren da suka kawo sifili su ne ya kamata a fara ziyarta.

Na uku: wa ya kawo? In duka daga likita da jandarma suke fitowa, ma'ana sai abu ya ɓaci ake sani. In ana samun na iyaye, na maƙwabta, na malaman allo da na yaran da kansu, alama ce jama'a sun fara yarda da ofishin.

Na huɗu: kwana nawa aka yi kafin wani ya je ya ga yaron da idonsa?

Na biyar, wanda ya fi duka: me ya faru da yaron daga baya? Ta koma aji? An yi masa magani? An raba shi da mai dukansa? Maganar ta kai gaban alƙali? An koma bayan wata uku an duba? Ofishin da ya karɓi rahoto ɗari bai bi sawun ko goma ba, bai kai wanda ya karɓi talatin ya ga ƙarshen ashirin da biyar ba.

Akwai dalilin da ya sa tambayoyin nan suka ƙara muhimmanci yanzu. Tun bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, wasu masu ba da tallafi daga waje sun dakatar ko sun rage abin da suke bayarwa, kuma a Afrilu na 2024 aka rusa majalisun komin aka naɗa kantomomi. Aikin kare yara a karkara ya daɗe yana dogara da kuɗin ayyukan ƙungiyoyi: esansin babur, kuɗin waya, ɗan abin zaman taro. Duk inda babur ya tsaya, rahoto zai ragu, a takarda kuma sai ya yi kama da ci gaba. Ya kamata prefe da kantomomi da sarakuna su sa wannan a ransu in an kawo masu alƙaluma, su kuma ware wa kwamitocin ɗan abin da za su yi motsi da shi daga kasafin komin.

A ba da adadi, a rufe suna

Neman a bayyana alƙaluma bai ba kowa izinin tona asirin yaro ba. A ƙauye mai gida arba'in, in ka ce "wata yarinya ƴar shekara 13 a gari kaza", ka riga ka faɗi sunanta. Don haka adadi a bayar da shi a matakin komin ko departema, kundin da ke da sunaye kuma ya zauna a kulle a hannun wanda aikin ya shafa. Mu ma a nan gidan rediyo ƙa'idar da muke bi ke nan: ba suna, ba unguwa, ba hoto.

Wannan ya shafe ku ƙwarai, ƴan uwa na nesa. Sau da yawa ku ne kuke fara jin labari, don uwar da ba ta iya faɗa wa maƙwabciya tana iya aika wa ɗanta da ke Libiya saƙon murya ta WhatsApp. Kada ku tura shi a zauren ƴan gari, don abin da ya shiga waya ba ya fita, yarinyar ce za ta rayu da shi. Ku kira wanda kuka amince da shi a gida, ku ce ya je wajen kwamiti, ko darektan lakwal, ko likita, in abin ya yi tsanani ya wuce wajen jandarma. Ku ne kuke aiko kuɗin cefane, maganarku tana da nauyi a gidan. In kun ce a bar yarinya ta gama karatu, a yi wa jariri takardar haihuwa, ana ji. Bayan mako biyu kuma ku sake kira ku tambaya me aka yi.

Hausawa na cewa ɗa na kowa ne. In bana aka ce rahotannin Gure sun ƙaru, kada mu yi saurin jin kunya, wataƙila mutane ne suka fara magana. In aka ce sun ragu, mu tambaya ko masu rubutawa suna nan, ko babur na da mai. Kowane ya kasance, a faɗa mana yara nawa aka koma aka duba, aka tarar suna lafiya.

Allah ya raya mana zuri'a, ya kare su.